Tsayuwar Lavell a Memphis

Gary, Indiana
Maris 1997

Yaya Odessa,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya ke da maigidanki Mista Tibbs. Yaya gwiwar taki? Matata Vernita tana gaishe ki, ta ce har yanzu tana jiran irin kuɓewar da kika yi mata alkawari.

Bayan gaisuwa, ki nemi kujera ki zauna tukuna. An zaɓi Lavell. Cikin duk yaran da za su gama sakandare bana a faɗin Amurka, ashirin da huɗu kacal ake ɗauka su buga Wasan Taurarin ƙwallon kwando, rabi Gabas rabi Yamma, kuma ɗan ƙanenki yana ciki. Sun sa shi a Yamma. Yaushe Gary ta koma yamma, ban sani ba, amma ko a ƙungiyar duniyar wata suka sa shi zai buga.

Ni ne fa, Yaya. Ni da na fita sakandare da ƙyar, na fara da tsohuwar janwe ɗaya mai jan motocin da suka lalace, wadda ita ma sai an tura ta take tashi. Yau janwe bakwai ke yawo a gari da sunan Wardlow a ƙofa, ga ɗana za a nuna wa duniya a talabijin.

Akwai waɗanda suka fi shi jefa ƙwallo, ban musa ba. Amma babu wanda ya kai shi tsayuwa. Ke ba ki san wasan ba, bari in gaya miki. In abokin hamayya ya taho a guje zai kai ƙwallo kwando, sai ka riga shi wurin, ka kafa ƙafafu, ka ba shi ƙirji. In ya banke ka, laifinsa ne, ƙwallo ta dawo hannunku. Yaran yanzu ba sa so, saboda akwai ciwo. Ni na koya wa Lavell a bayan gareji tun bai kai tsawon taya ba. Da kaina nake bankarsa, har ya daina runtse ido.

Wai an ce min a wannan wasan ba a tsare kowa, buɗe wa juna hanya ake yi kowa ya yi tsallensa ya burge masu kyamara. Har Skeeter direbana yake ce min, "Oga, biki ne fa, ba yaƙi ba." Na ce, "Skeeter, shi ya sa har gobe motar wani kake tuƙawa."

A Memphis za a yi, nan kusa da ke, farkon Afrilu. Na ajiye miki kujera. Da mun dawo zai sa hannu da jami'ar nan ta kusa da mu, karatu kyauta, in riƙa zuwa ina dawowa a yini ɗaya. Ban taɓa fashin wasansa ba, ba kuma yanzu zan fara ba.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Cleophus Wardlow


Gary, Indiana
Afrilu 1997

Yaya Odessa,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mista Tibbs. Kin kira kin ce Lavell yana wurinki, kin ajiye waya kafin in buɗe baki. Na kira ya fi a ƙirga, kin ce ba zai karɓa ba. To ga takarda, ita ba a kashe ta.

Gwiwa ta hana ki zuwa, don haka a talabijin kika gani, kuma talabijin bai nuna miki komai ba. Ni ina wurin. Bari ki ji daga bakina.

Ɗakin wasan ya cika har sama. Abin da Skeeter ya faɗa gaskiya ne, ba ƙwallo aka buga ba, rawa aka yi. Wannan ya jefa sama wancan ya cafe ya dankara a kwando, 'yan ɗaya ɓangaren suna tsaye suna dariya, har da masu tafa masa. Lavell ma ya bi sahunsu. Ina kallon ɗana yana matsa wa mutane gefe kamar mai gadin ƙofar otal. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba.

Ana dab da tashi, wani yaro ɗan Baltimore, Quentin Mabry, wanda jaridu ke cewa babu kamarsa a ƙasar nan, ya ƙwace ƙwallo a tsakiyar fili ya taho shi kaɗai. Duk ɗakin ya miƙe tsaye. 'Yan Yamma suka dare. Lavell na kusa da kwando, shi ma ya ɗan matsa. Sai kuma ya dawo ya kafa ƙafafunsa daidai yadda na koya masa, ƙirji a buɗe, hannu a ƙasa. Shi kuwa yaron ya riga ya bar ƙasa, yana juyi a sama, bai ma ga mutum a gabansa ba.

Yaya, na yi shekara ashirin da wani abu ina kwashe motocin da suka yi karo a babbar hanya. Na san ƙarar ƙarfe, na san ƙarar gilashi, na kuma san ɗaya ƙarar, ta jikin mutum. Ita na ji lokacin da ya sauko a kan ƙafa ɗaya.

Alƙalin wasa ya busa usur, ya nuna laifin Quentin ne, ƙwallon Yamma ce. Ki riƙe wannan da kyau: alƙali ya ba Lavell gaskiya. Na fara tafi. Na ɗan jima ina yi kafin in lura ni kaɗai nake yinsa.

Wata mata a bayana ta taɓa min kafaɗa. "Bawan Allah, tafi kake yi?"

Na ce, "Baiwar Allah, doka ce ta ba shi gaskiya."

"Ɗanka ne?"

"Ɗana ne."

Ta ce, "Ai da ganinka an ga inda ya samo."

Daga nan ihu ya ɓarke. Mutum dubbai suna yi wa yaro ɗan shekara goma sha takwas ature, ana jifansa da kofunan lemo da ragowar gugguru. Mahaifiyar Quentin ta tsallake masu gadi ta shiga fili da takalmi ƙafa ɗaya. Yaron yana birgima yana kiran ta. Lavell ya rarrafa zai je wurinsa, wani ɗan Gabas ya ture shi da ƙafa kamar kare. Aka zo da gadon ɗaukar marasa lafiya aka fita da Quentin. Ban san yadda aka ƙarasa wasan ba, ban ma san wa ya ci ba.

Ni da Vernita mun jira a ƙofar da iyaye ke jira har aka fara share ɗakin, Lavell bai fito ba. A otal mun tarar da jakarsa da rigarsa mai lamba a ninke a kan gado. Uwarsa ta zagaye asibitoci, ni na zagaye tashoshi. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar da janwe ta danne min hannu. Sai ga wayarki.

Mun dawo gida amma abin ya biyo mu. Jaridar da ta buga hotonsa watan jiya tana kiran sa abin alfaharin gari, yau ita ke tambaya ko da gangan ya yi don hassada. Ana kiran gareji a ce mota ta lalace a wuri kaza, direba ya je ya tarar babu kowa. A shagon aski na shiga, hira ta mutu. Vernita kuwa tun daga Memphis ba ta ce min uffan ba, sai dai ta ajiye abinci ta wuce. Me na yi mata, oho.

Na yi juyayin Quentin ɗin nan, Allah ya sani. Amma tsautsayi ne. Wanda ya tashi sama shi ke da alhakin duba inda zai sauka. Ki gaya wa Lavell ya ɗaga kansa ya dawo gida, bai kashe kowa ba. Lokacin sa hannu da jami'a ya kama, kuma ba zai jira shi ba.

Ina jiran amsarki da gaggawa.

Ƙanenki,
Cleophus Wardlow


Clarksdale, Mississippi
Afrilu 1997

Cleo ƙanena,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai da Vernita. Muna nan lafiya, gwiwa da sauƙi, Mista Tibbs yana amsawa. Na ajiye waya ne domin na san ka tun kana tsumma: in ka fara magana ba ka jin ta kowa. A takarda dole ka yi shiru har in gama.

Ranar Lahadi na dawo daga coci na tarar da shi zaune a baranda, da wandon ƙungiyarsu a jikinsa, ya haɗa kai da gwiwa. Motar haya ya biyo. Na soya masa tarwaɗa da burodin masara, abin da a da sai na ɓoye wa Mista Tibbs nasa kason in Lavell na gida. Ya tsakura ya ture. Kwanakin nan gyaran shinge yake yi mana, ya gyara inda ya lalace har da inda bai lalace ba. Shekaranjiya yaran maƙwabta suka zo da ƙwallo suna so ya sa musu hannu a jiki. Yana ganin ta ya shige bayan gida, na ji yana amai.

Jiya muna ɓarar wake ya buɗe baki da kansa, ban tambaye shi ba. Ka san yaran mako guda suka yi tare a otal kafin wasan, bibbiyu a ɗaki. Ka san da wa aka haɗa Lavell? Da Quentin ɗin nan. Ya ce yaro ne mai surutu da tsokana, ya raɗa masa suna Sandar Fitila, yana cinye masa abinci, amma ranar da aka kai su su gaishe da yara marasa lafiya shi ne ya ƙi fita sai da aka janye shi. Sun yi musayar lambar waya tun kwana na biyu.

Da safen ranar wasa suna karyawa Quentin ya ce masa, "Kai Sandar Fitila, na ji labarinka, an ce kai ne mai tsayawa gaban mutane. In ka gan ni na taho ni kaɗai, ka kauce. Akwai wani tsalle da na tanadar wa mamata, ba ta taɓa shiga jirgin sama ba sai don wasan nan."

Lavell ya ce, "Har share maka hanyar zan yi, kai dai kada ka kunyata mu ka zubar."

Suka tafa a kai. Shi ya sa yaron ya tashi sama bai duba ba, Cleo. An yi masa alkawarin babu kowa a wurin.

Na ce, "To ɗan nan, me ya mayar da kai?"

Ya ajiye waken da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Gwaggo, na kauce fa. Wallahi na kauce. Sai na ji fiton Baba."

Fiton nan naka na yatsa biyu a baki, wanda kake yi masa in kana so ya tsaya. Ya ce, "Mutum dubbai suna ihu, amma na ji shi kamar a bayan gareji muke. Ban yi tunanin komai ba. Kafin in ankara ƙafafuna sun koma da kansu."

Ka cika min takarda gaba da baya, har takalmin matar mutane ka ƙirga, amma ban ga fito a ciki ba.

An yi wa Quentin tiyata, jijiyoyin gwiwar ne suka tsinke. Likitoci sun ce zai yi tafiya, amma sun ƙi yin alkawari a kan tsalle. Lavell kuma ya ce shi da ƙwallo har abada, ba zai sa hannu da kowa ba. Ba cikin kuka ya faɗa ba, da na ce zai huce. A natse ya faɗa, kamar mai gaya min farashin wake.

Ba zan kore shi ba, ba kuma zan ɗaure shi in aiko maka ba. Ka yi addu'a, in har kana tuna yadda ake yi.

Yayarka,
Odessa Tibbs


Gary, Indiana
Afrilu 1997

Yaya Odessa,

Ina gaishe ki. Takardarki a tsaye na fara karanta ta, a zaune na ƙarasa.

Na rantse miki ban san na yi fito ba. Da farko na ce yaro ne ya ruɗe yake neman wanda zai ɗora wa. Na shiga kicin na samu Vernita tana wanke-wanke, na ce, "Ke, a Memphis na yi fito?"

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Kunnena na hagu har yau bai daina ƙara ba."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa min?"

Ta ce, "Ka tambaya?"

Skeeter ya naɗi wasan a kaset. Na karɓa, na kulle ofis, na ƙure murya. Fiton yana nan, Yaya. A ƙarƙashin ihun mutane, siriri, amma ko a kasuwa na ji shi na san nawa ne. Na ga Lavell ya matsa gefe yana murmushi, murmushi fa, zai kalli abokinsa ya yi tsalle. Sai kansa ya ɗan karkata, murmushin ya ɗauke, ya dawo. Na mayar da kaset baya na sake kallo har ya fara cin zare. 

Amma ki yi min adalci. Kowane wasa ina yin fiton nan, shekara da shekaru, kuma shi ya kai shi inda ya kai. Wa ya gaya min sun yi alkawari? In mutum ya ga ɗansa yana wasa da damarsa a gaban duk masu horarwar ƙasar nan, shiru zai yi? Ban ce na yi daidai ba. Ban kuma ce ni na karya ƙafar ɗan mutane ba. Ban san me zan ce ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba ke nan.

Ga wani abin da ya ƙara ɗaure min kai. Na ɗauka jami'a za ta janye. Sai ga kocinsu da kansa har gareji, da kwat da takalmi mai sheƙi, yana tsallake baƙin mai. Ya kama hannuna da hannu biyu yana dariya. "Mista Wardlow, yaron da zai tsaya gaban jirgin ƙasa a ranar biki, shi nake nema tun da na fara aikin nan! Bar su su yi ta ihu. Duk mai ihun nan so yake a ce nasa ne." Ko sunan Quentin bai ambata ba. Wasu jami'o'in ma da ba su taɓa neman mu ba yanzu sun dame mu da waya.

Da a watan jiya ne aka faɗa min wannan magana, da na sa an rubuta ta a jikin janwe. Ranar kuwa yana fita na je famfo na wanke hannuna, ban san dalili ba.

Duk da haka ki gaya wa Lavell ƙofa a buɗe take, amma tsakiyar Mayu ake rufe ta. In bai sa hannu ba, babu karatu, babu ƙwallo, sai dai ya dawo ya gaji janwe. Ban sha wahalar da na sha don ɗana ya kwanta ƙarƙashin motar wani a cikin ƙanƙara ba. In ba zai yi magana da ni ba, ya rubuto. Ko zagi ne zan karanta.

Ƙanenki,
Cleophus


Baltimore, Maryland
Mayu 1997

Baba,

Barka da aiki. Ina fatan kana lafiya, kai da Mama da su Skeeter. Ka yi haƙuri da tafiyar da na yi ban faɗa ba, na san na tayar muku da hankali. Gwaggo ta ba ni takardunka na karanta duka.

Kamar yadda ka gani a sama, ina Baltimore. Na zo gidan su Quentin. Na tsaya a ƙofa na kasa ƙwanƙwasawa, har mamarsa ta hango ni ta taga ta buɗe.  Na shirya jin komai. Sai ta ce, "Sunkuya, ƙofar gajeriya ce."

Yana kwance a falo, an ɗaure ƙafar da ƙarfe tun daga cinya. Ya rame. Yana ganina ya ce, "A'a, Sandar Fitila. Ɗaya ƙafar ka zo ƙarasawa?"

Na ba shi haƙuri. Ban yi maganar fito ba, Baba, kuma ba zan yi ba. Ni na yi alkawari, ƙafafuna ne suka tsaya. Ya ce, "Kada ka ɗauka na yafe. Ban yafe ba. Wataƙila wata rana, in na hau bene ba tare da an riƙe ni ba." Na ce na yarda.

Da na gaya masa na bar ƙwallo, sai ya jefe ni da sandar da yake dogarawa, ta fasa wa mamarsa tukunyar fure. Ya ce, "Kai ɗan rainin hankali ne? Wato in kwanta nan da ƙafa ɗaya, kuma in riƙa jin tausayinka? Tashi ka je ka buga, in samu wanda zan riƙa zagi a talabijin!" Mamarsa ta leƙo ta ce duk wanda ya sake fasa mata abu, ko mai ƙafa ɗaya ko mai biyu, waje zai kwana. Kwanana uku ke nan a gidan, ni nake kai shi asibiti wurin motsa ƙafa.

Na yi tunani sosai. Zan buga, amma ba a jami'ar kusa da gida ba. Akwai wata ƙarama a Oregon. Kocinsu ya kira gidan Gwaggo, kuma abin da ya fara tambaya shi ne yaya jikin yaron da ya ji ciwo. Can nake so.

Sai dai da sharaɗi ɗaya, kuma na san zai yi maka ciwo. Ba za ka zo wasana ba. Ko ɗaya, ko a gida ko a waje, har in gama shekara huɗun. Ba wai ka zo ka yi shiru ba, domin in kana cikin ɗakin, ko ba ka yi fito ba kunnena yana wurinka. Ba ƙin ka nake yi ba, Baba. Duk abin da na iya kai ka koya min. Amma na ga abin da jikina ya aikata ba da izinina ba, kuma ina jin tsoronsa. Ina so in san me ƙafafuna za su yi in ni kaɗai ne a kansu.

Takardar jami'ar tana buƙatar sa hannun uba, ga ta nan na haɗo. In ka sa, na san ka yi alkawari ke nan. In ba za ka iya ba, ka yaga ta, ba zan ji haushi ba. Zan dawo gida ka ba ni janwe.

Ka gaishe min da Mama.

Ɗanka,
Lavell


Gary, Indiana
Mayu 1997

Yaya Odessa,

Gaisuwa. Kin san abin da yaron nan ya rubuto min? Na tabbata kin sani, wataƙila ma a teburinki aka dafa shi.

Shekara huɗu! Ni! Ni da na rufe gareji ranar da ƙanƙara ta fi zuba, ranar da kowace janwe a gari ke aiki ba hutu, don in je in kalle shi yana ɗan aji uku yana zubar da ƙwallo. Ni da na tuƙa shi har Ohio da zazzaɓi a jikina. Kowane ɗan iska a Oregon zai sayi tikiti ya shiga ya kalli ɗana, mai sayar da gugguru zai kalle shi, mai shara zai kalle shi, ni ne kaɗai a duk Amurka aka hana.

Na nuna wa Vernita, na ce ta ga rashin kunyar ɗanta. Ta karanta, ta ninke, ta ɗauko biro ta ajiye a gefen farantina.

Takardar tana kan tebur kwana da kwanaki. Na ɗauke ta zan yaga, hannuna ya ƙi. Na ɗauki biro, shi ma ya ƙi. Ke ce babba, ki yi masa magana ya sassauta. Ko wasa ɗaya a shekara, can sama a kujerar ƙarshe, in cusa hannuwana a aljihu.

Ki amsa min da wuri, ranar rufewa ta matso.

Ƙanenki,
Cleophus


Gary, Indiana
Mayu 1997

Lavell ɗana,

Ina gaishe ka. Na jira gwaggonka ta sa baki, ta yi shiru, na kuma gane.

Takarda tana cikin ambulan ɗin nan, na sa hannu. Ba zan zo ba, ko gida ko waje, ko da ƙofar garejina aka kawo wasan. Ka san ban taɓa faɗar magana na janye ba. Uwarka za ta riƙa zuwa, ita ba ka hana ta ba.

Ka gaishe da yaron da mahaifiyarsa, in suna karɓar gaisuwata. In ba sa karɓa, ka bar ta a wurinka.

Tambaya ɗaya gare ni, kuma ba sai ka amsa yanzu ba. An ce min a irin waɗannan makarantu, ranar da ake miƙa wa ɗalibai takardar digiri, a cikin ɗakin wasan ake yin taron. Ranar ma tana cikin sharaɗin?

Allah ya tsare.

Mahaifinka,
Cleophus Wardlow